Shafin da Na Ƙi Sa wa Hannu

Na san abin da aka gaya muku, domin ni ma ya sha dawowa kunnena. An ce ubanku ya taɓa rubuta littafi da Faransanci tun gashin kansa yana baƙi, an karɓa, an jera shi a inji, saura kawai a buga, sai girman kai ya ɗebe shi ya je ya kwaso abinsa. Wasu suna cewa tsoro na ji. Akwai ma wanda ya ce da ma can babu wani littafi, cika baki ne irin na 'yan lakwal, wato 'yan boko. To, littafi akwai shi, kuma gaskiya ne ni na kwaso shi da hannuna. Girman kai kuwa ba zan rantse muku ba ni da shi ba, tunda kun zauna da ni kun gani. Amma ba shi ne ya kai ni ba. Yanzu da gwiwa ta hana ni yawon da na saba, ta zaunar da ni dole, bari in faɗa muku yadda aka yi, ku daina tsintar tarihin ubanku a bakin 'yan biki.

Sai na fara da kakarku, Inna, in ba haka ba ba za ku gane komai ba, balle ku da aka haifa a nan, Hausarku duk ta sha ruwan Faransanci. Inna ta zo Abidjan tana amarya daga wani ƙauye kusa da Madawa, ta biyo mahaifina da ke fataucin albasa. Suka kama ɗaki a unguwar Bromakoté da ke Adjamé, a irin gidajen hayar nan masu tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, ƙabilu iri-iri, Jula a wannan ƙofa, Mosi a waccan, Baule a kusurwa, kowa yana jin tarin kowa. A nan aka haife ni, kuma ni ne ɗanta na fari. A garinsu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yi masa magana kai tsaye in da hali. Kunya ce, kuma Inna ta ɗauko ta cikakkiya daga Madawa, ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba. Sunana Haruna bai taɓa fita daga bakinta ba. Fura take sayarwa a ƙofar gida, in wani Haruna ya zo saye sai ta ce a miƙa wa mai sunan wancan. Ni ne wancan. Da aka haifi gwaggonku Rabi, tun tana tatata ta zama waya tsakaninmu. Ina zaune, Inna tana zaune, abin da ya raba mu bai fi faɗin tabarma ba, amma sai maganar ta bi ta kan Rabi.

"Rabi, hwaɗa ma wancan tuwo na sanyi."

"Yaya, an ce tuwo yana sanyi."

"Ki ce na ji."

Kada ku ɗauka na tashi ina ganin ba a so na. Curin fura mafi girma nawa ne, kowa a gidan ya sani, kuma in zazzaɓi ya kama ni Inna ba ta cin abinci, sai dai ta ce cikinta ne ba daɗi. Na san wannan tun ban san karatu ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai yammacin da matan Jula za su fito suna ƙwala wa 'ya'yansu kira, suna da zagi a haɗe, har bakin titi ana ji, ni kuwa in tsaya da ƙwallon tsumma a ƙafa wani abu yana cin raina. Ko zagin ne, in dai da sunana a ciki, da na karɓa da hannu biyu.

Bayan na gama lakwal na ɗan yi shawagi, sannan na samu aiki a wani ƙaramin gidan buga littattafai a unguwar Arras, can Treichville, tsakanin wani tela da masu gyaran mota. Littattafan makaranta ne abincin gidan, amma mai gidan, Mushe Kwadiyo (Mushe shi ne Malam a Faransanci), wani Baule da ya yi karatu a Faransa, ransa yana kan wani abu dabam. So yake ya fito da labaran samarin Afirka, baƙar fata su rubuta kansu da kansu, su daina jiran wani ya zo daga nesa ya rubuta su. Shi ya ɗauke ni mai duba kuskure, shi ya koya mini aikin edita, shi ya fara miƙa mini jan biro. Ina faɗar wannan ne don kada wani cikinku ya mai da shi mugun wannan labari. Ban taɓa samun maigida kamarsa ba. Jan biro kuwa ya karɓe ni, har ya yi yawa. Marubuci zai kawo babi yana ji da shi, in mayar masa da shi ya rame, ya fita yana tsine mini a zuci, bayan an buga ya dawo yana godiya. Tsarin aikinmu shi ne, in an gama gyara sai a jera rubutun a inji, a fito da takardun gwaji, marubuci ya karanta, sannan ya rubuta bon à tirer a kai, wato a buga, ya sa hannu. Da zarar ya sa hannun nan ya ɗauki kowace kalma a wuyansa, ba shi da sauran bakin cewa ba haka ya ce ba. Na karɓi wannan sa hannu daga mutane da yawa, ni ina tsaye a kansu ina duba agogo.

A lokacin na riga na auri mamarku, mun kama ɗaki a Treichville, sunana a bakin Inna ya tashi daga wancan ya koma mutumin Treichville. A wurina ƙarin girma ne. A waɗannan shekarun ne na rubuta nawa littafin, labarin wani yaron Bromakoté da ya tafi karatu. Ni ban iya zama in yi rubutu kamar mutane ba. A kan gwiwa na rubuta shi, a cikin bas tsakanin Adjamé da Treichville, a kan bencin mai kofi, a tsaye ma wani lokaci, takarda a jikin bango. Da na gama na ajiye wa Mushe Kwadiyo a tebur. Ya karanta, ya kira ni, ya rungume ni har tabarauna ya karkace. Ya aika da shi ga abokan aikinsa na Faransa, don jerin labaran nan tare suke fito da su, can da nan. Suka amsa sun karɓa. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Na faɗa a masallaci, na faɗa a layin 'yan albasa, na faɗa wa wanzamina. Kafin wata ya zagayo duk Bromakoté sun bar Haruna sun koma Marubuci, har dattawan da ba su taɓa yarda da karatun lakwal ba suna cewa ɗan gidan mai albasa zai shiga takardar Nasara.

A tsakiyar littafin akwai ranar da yaron zai bar gida ya tafi makarantar kwana a Bouaké. Wannan ranar ban ƙirƙira ta ba, tawa ce, yadda ta faru haka na zuba ta. Da safe ne. Akwatina na ƙarfe yana tsakar gida, matan gidan sun taru a kaina, wata maƙwabciyarmu Baule tana kuka tana shafa mini kai kamar ita ta haife ni. Inna kuwa tana bakin ƙofarta ta ba mu baya, tana tankaɗen garin gero. Ba ta juyo ba. Da mahaifina ya ce a ɗauki akwati, abin da kawai ta ce shi ne Rabi ta faɗa wa wancan kada ya manta da bargonsa, an ce can akwai sanyi. Muka fita ina jin ƙarar rariya a bayana. Ba ta zo tashar jirgin ƙasa ba. Sai da jirgi ya yi nisa da Abidjan na buɗe akwati na tarar da gwangwanin madara cike da dambun nama, an danna shi har murfin ya ƙi rufuwa sosai. A littafin ban ƙara komai ba, ban yi bayani ba, ban sa wa kowa hawaye ba sai matar Baulen. A ganina duk littafin babu inda na iya rubutu kamar wurin nan.

Da takardun gwaji suka fito, sai na tarar wannan shafin ne kaɗai ya sha jan biro. An soke tankaɗen, an soke bargon. A gefe, da rubutun Mushe Kwadiyo mai kyau kamar na malamin makaranta, uwar ta biyo su tasha, jirgi ya fara motsi, ta yar da mayafi ta bi shi da gudu tana kiran sunan ɗanta. Na ɗauki shafin na shiga ofishinsa ban ƙwanƙwasa ba. Da Faransanci muka yi maganar, amma ga yadda take.

"Mushe, wannan matar wace ce?"

"Uwar yaron ce, mon petit. Zauna mana."

"Uwar yaron tana gida tana tankaɗe. Wannan ban san ta ba."

"Haruna, mutanen can sun so littafinka, amma duk wanda ya karanta a nan yake tsayawa. Sun ce uwar nan ko ba ta son ɗanta, ko marubucin ne bai iya nuna so ba. Ni ma da na fara karantawa haka na ji. Ranar da zan tafi Faransa uwata birgima ta yi a ƙasa, sai da aka riƙe ta."

"Taka ke nan, Mushe. Allah ya ja kwananta. Tawa ba ta birgima."

Ya cire tabarau ya murza ido. Mutum ne mai haƙuri, ya fi ni nesa ba kusa ba. Ya ce to, in ban yarda da gudun ba, a bar shafin yadda na rubuta, amma a sa ɗan tauraro a jikin kalmar uwa, a ƙasan shafi a yi bayani da ƙananan baƙaƙe cewa a al'adar wannan ƙabila mace ba ta kiran ɗanta na fari. Wannan ma ya fi ƙona mini rai. Na ce masa uwata ba ƙwarya ba ce a gidan kayan tarihi da za a liƙa mata takarda a gindi don baƙi su san sunanta. Na ce in an karanta gwangwanin dambun nan ba a gane ba, to ba tauraron da zai sa a gane. Na kuma tuna masa, da rashin kunyar ƙuruciya, cewa shi ne yake cewa mu rubuta kanmu da kanmu. Wannan ta shige shi, na gani a fuskarsa. Ya ce gaskiya ne, amma rubutun da ba a buga ba ba wanda ya rubuta kansa a ciki. Ya ce ɗaya cikin biyu, ko gudun ko tauraron, in ba haka ba mutanen can ba za su sa sunansu ba, shi kuma ba shi da ƙarfin fito da shi shi kaɗai. Ya ba ni lokaci in yi tunani kafin damina ta wuce.

Wannan daminar ban zauna wuri ɗaya ba. In ina ofis, ƙafata tana son titi. In na fita titi, hankalina yana kan shafin da ke cikin aljihun tebur. Na daina jiran bas, sai in taka daga Arras in haye gada a ƙasa, in ratsa Plateau, in gangara Indénié inda ruwa ke taruwa duk sanda aka yi sama, in naɗe wando in shiga tare da masu tura mota, in ɓulla Adjamé a jiƙe ba tare da na san abin da ya kawo ni ba. A hanya ina ta gardama da mutanen da ba sa nan. In ce me ye a ciki, labari ne, ba ni na ce ƙirƙira ba ce? Yaron ma ba Haruna ne sunansa ba. Sai in tuna duk Bromakoté sun san ko wane yaro ne, akwai 'yan lakwal a kowane gida da za su karanta su fassara, a wayi gari ana cewa ashe matar mai albasa ta taɓa yar da mayafi a tasha tana ihun sunan ɗan fari. Ita da ta yi shekaru tana riƙe da bakinta a cikin gidan da ba wanda ya san darajar abin da take yi. Sai in ji ba zan iya ba. In na kai gadar dawowa kuma sai in hango littafin a tagar kanti da sunana a bango, in ji kamar in ruga in sa hannu kafin a tashi aiki.

Mamarku tana ɗauke da cikin babbanku a lokacin, kuma ta gaji da ganina ina shiga ina fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ita haifaffiyar Treichville ce, ba ta ɗauki abin da zafi ba.

"Haruna, signe mana, sa hannu ka huta mu huta. Inna ba ta karatun boko. Ko an faɗa mata, ka ce Nasara ne suka ƙara."

"Da sa hannuna a ƙasa?"

"To ka yarda da tauraron. Ɗan tauraro ne fa, ko ƙwayar gero ta fi shi."

"Ba za ki gane ba."

"Ni kam ban gane ba. Abin da na gane, ka cika gari da labari, kuma takalminka ya ƙare."

Za ku ce me ya hana ni zuwa in tambayi Inna da kanta, tunda a kanta ake yi. Ku kuna shiga ɗakin mamarku ku faɗa kan gadonta ku tambaye ta abin da kuka ga dama, shi ya sa tambayar take muku sauƙi. Na je Bromakoté da wannan niyya ba sau ɗaya ba. In zauna a benci, ta ce Rabi ta dama wa mutumin Treichville fura, in sha, in yi ta juya ludayi ina neman bakin zaren. Ta ina zan fara? In ce Rabi ki tambayi Inna ko ta yarda a rubuta ta kira sunana? Maganar da ba mu taɓa yi ba tun da aka haife ni, ita zan ɗauko in shimfiɗa a tsakar gida, matan Jula suna wanki a famfo? Nauyin abin ya fi ƙarfin bakina. Kuma gaskiya ban ga abin tambaya ba, don ina ganin na san amsar. Wa ya san Inna in ba ni ba? Sai in ajiye ƙwarya in ce a ce na gode, in kama hanyar gada.

Ranar da na yanke, ba wani abu ne ya faru ba. Na zo ofis da safe, inji yana ta girgiza bene, Mushe Kwadiyo ya shimfiɗa takardun a teburinsa ya ɗora biro a kai, ya ce yau jirgin saman da zai tafi da saƙo yake jira. Na ɗauki biron. Na sake karanta gudun nan nasa, kuma gaskiya ya iya rubutu. Na kai hannu wurin da ake sa hannu, sai na ji ƙarar rariyar nan a kunnena kamar a ɗakin ake tankaɗe. Na ajiye biron na tattara takarduna. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce yako, kalmar da Baule suke faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, ya buɗe mini ƙofa da kansa.

Abin da ya biyo baya shi ne ba a faɗa muku. Gurbin littafina wani saurayi aka ba, kuma ni aka miƙa wa rubutunsa in gyara, don aikina ne. Na gyara shi tsakani da Allah, na tsaya a kansa ya sa hannu, littafin ya fita ya yi suna, har yau ana karanta shi a makarantu, kuma akwai jimlolin da in na ji yara suna haddacewa na san daga jan birona suka fito. Na ce ba komai, zan kai nawa wani wuri. Kafin in juya sai ga shekarun nan na matsi da ake kira konjonktir, farashin kokon cakulan ya faɗi, takarda ta yi tsada, mutanen Faransa suka janye, jerin labaran ya mutu. Mushe Kwadiyo ya rufe gidan ya koma garinsu, kuma ko da muna gaisawa, abin bai koma kamar da ba. Na aika littafin wurare biyu uku, wasu ba su amsa ba, wanda ya amsa a kan wannan shafin dai ya tsaya. Na koma gyaran mujallu da jawaban manya da littattafan wasu, da shi na ciyar da ku, ban raina ba. Amma wani labarin nawa ban sake gamawa ba. In na zauna na fara, shafi kaɗan sai in ji kujera tana cizona, in tashi in fita. A Bromakoté kuwa sunan Marubuci bai bar ni ba, sai dai yanzu da ɗan murmushi ake faɗarsa. Dattawa su tare ni bayan Juma'a su ce, Marubuci, har yanzu Nasara ba su gama karantawa ba? In yi dariya tare da su, in dawo gida in huce a kanku. Wannan kun tuna da shi, na sani.

Duk da haka raina a kwance yake ta gefe ɗaya. Ina ce wa kaina na yi hasarar littafi amma na tsare wa Inna mutuncinta, ko da ba ta sani ba. Da wannan nake rarrashin kaina duk sanda na wuce tagar kantin littattafai.

Bayan rasuwar mahaifina Inna ta ce zaman Abidjan ya ishe ta, za ta koma Madawa. Ranar da ake ɗaure kaya na je da la'asar. Rabi, lokacin ita ma da 'ya'yanta, tana naɗe tabarmi, Inna tana zaune a kujerar tsugunno tana jera ƙore ɗaya cikin ɗaya. Sai wani tsohon maƙwabci ya leƙo yin sallama, ya gan ni, ya jefo tasa: Marubuci, ka ga Hajiya za ta tafi ba ta ga littafin ba. Ya yi dariyarsa ya wuce. Ban da mamarku, Rabi ita kaɗai na taɓa faɗa wa dalili, kuma na roƙe ta ta riƙe. Ranar abin ya zo mata wuya. Ta jefar da tabarmar.

"Inna, kin ga abin da ake yi wa Yaya? Kuma saboda ke ne fa. Shekara da shekaru yana shan wannan saboda ke."

Na daka mata tsawa, amma ta riga ta ɓalle. Ta kwashe duka ta faɗa, tankaɗen, bargon, gwangwanin, da yadda aka soke aka sa wata mata a madadinta, ni kuma na ƙi sa hannu. Ni na sunkuyar da kai ina kallon siminti. Kunya ta rufe ni, amma ba zan yi muku ƙarya ba, can ƙasan raina ina jiran a ce Allah ya yi wa mutumin Treichville albarka. Hannun Inna ya tsaya a kan ƙwarya. Ba ta dube ni ba, Rabi ta duba.

"Mi anka ce matar ta yi?"

"Ta bi jirgi da gudu, Inna. Har mayafinta ya faɗi."

"Tana kiran shi?"

"Tana kiransa."

"Da sunan shi? Da ƙarhi?"

"Da ƙarfi, har mutane suna juyowa."

"Shi kuma ya jiya?"

Rabi ta dube ni. Na gyaɗa kai, don a rubutun Mushe Kwadiyo yaron ya ji, har ya leƙo ta taga. Rabi ta ce ya ji. A famfo wata tana ta cika bokiti, ruwan ya cika yana zuba ba ta kashe ba. Sannan Inna ta ɗauki ƙaramar ƙwarya ta sa cikin babba, a hankali, ta ce,

"Rabi, tambayi mutumin Treichville, wa ya aike shi shi hana ta?"

Ba ta jira Rabi ta isar ba, ta ci gaba.

"Ni ban iyawa. Ranar nan garin da nike tankaɗe na tankaɗe shi tun jiya, na sake maida shi cikin rariya don kar in juyo. An samu wadda ta iya, ta kira min shi, sai shi rufe mata baki."

Na yi shekaru ina gyara maganar mutane, ina da amsar kowane marubuci tun bai rufe baki ba. Ranar kuwa miƙewa na yi tsaye, na ga ba inda za ni, na koma na zauna. Har yau ina nan kan bakana cewa matar nan ta tasha ba Inna ba ce, kuma da za a sake shimfiɗa mini shafin ban san abin da hannuna zai yi ba. Abin da na iya fitarwa a ƙarshe, da wata murya da ban san ta ba, shi ne,

"Rabi, ki ce mata ban sani ba."

Rabi ta juya za ta isar, kamar yadda ta saba tun tana tatata. Inna ta ɗaga mata hannu.

"Bar shi," ta ce. "Na jiya."